Kwamitin Shan Shayin Mutum Biyu

Tunda nake ban taɓa ganin mai son kwamiti kamar Yayana ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, don haka ba gulmarsa nake yi ba, ko a gabansa haka nake faɗa. A cocinmu shi ne shugaban kwamitin gini, shi ne na kwamitin kujeru, shi ne na kwamitin sasanta mawaƙa idan sun yi faɗa. Da aka yi ƙorafi cewa kwamitoci sun yi yawa, shi ya kafa kwamitin rage kwamitoci, ya kuma shugabance shi. Sunansa na gaskiya ma ya ɓace, babba da yaro Ciyaman suke ce masa. Sana'arsa sayar da fenti, yana da shago a bakin titi, amma shagon ma sai ya taki sa'a yake ganin mai shi.

Matarsa tela ce, Maman Auta ake ce mata, ni kuwa Anti nake kiranta. Mace mai haƙuri, ba ta da yawan magana. Tunda autarsu ta tafi makarantar kwana, gidan ya zama daga ita sai keken ɗinki. Kullum da yamma takan dafa shayi ta zuba kofi biyu, ta shanye nata, nasa ya huce har ya yi fata, ta ɗauka ta zuba wa fulawar da ke bakin ƙofa. Fulawar nan ta fi ta kowa ƙiba a layinsu.

Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan ma'aurata. Ya ce miji da mata su riƙa ware lokaci su zauna su biyu, su yi hira, su yi addu'a, su kalli juna. Ya ce kwana a gida ɗaya kaɗai ba shi ne aure ba, kaji ma akurki ɗaya suke kwana. Yaya na kujerar gaba yana ta zabga "Amin!" kamar shi ya rubuta wa'azin.

"A gaya musu, Fasto!" in ji shi, yana waiwayen sauran maza.

Bayan an tashi sujada na bi su gida don karɓar ɗinkina. Yaya ko zama bai yi ba, takalmi kawai yake canzawa zai koma taro. Anti ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban Auta, ka ji wa'azin yau?"

"Na ji mana! Ai mazan nan ba su san darajar mata ba. Gara da aka faɗa musu."

"To saurara. Kofin shayi ɗaya nake so mu sha, ni da kai, ba waya, ba baƙo. Idan Lahadi mai zuwa ta yi ba mu sha ba, lokacin sanarwa zan tashi in ba da cigiyarka."

"Cigiyata? Akuya kika mai da ni?"

"Akuya tana dawowa gida da yamma," in ji Anti. "Zan ce na ɓatar da miji, gajere, mai tumbi, wanda ya gan shi ya taimaka ya nuna masa hanyar gidansa. Daga nan in wuce wajen Yayata in huta. Ka zauna da kwamitocinka su riƙa yi maka wanki."

Na fashe da dariya, amma da na dubi fuskarta sai dariyar ta maƙale mini. Idanunta sun cika da hawaye. Kuma duk mun san Anti, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Yaya ya bugi ƙirji. "Shayi? Shayi kawai? Haba Maman Auta, kin raina ni. Zan keɓe da ke keɓewar da ba a taɓa yi wa mace ba tunda aka kafa cocin nan. Sai an riƙa ba da misali da mu daga kan bagade!"

"Ni dai shayi na ce."

Na ce, "Yaya, ga buta can a kan wuta. Ka zauna yanzu ku sha mana, ni in kama gabana."

Ya dube ni da tausayi. "Ke yarinya ce. Abu mai muhimmanci irin wannan ba a yin sa da ka. Sai an tsara." Ya sa kai ya fice.

Washegari ya kafa kwamiti.

Ya ɗauko Saje, tsohon soja, wanda ke shugabantar masu tsaron ƙofar coci, ya ba shi tsaro. Ya ɗauko shugaban mawaƙa ya ba shi nishaɗi. Ni kuma aka ba ni ɗauke hankali, wato ran Asabar in janye Anti daga gida har a gama shiri, don abin ya zo mata ba zato. Na karɓa ne don in ga ƙarshen wannan hauka da idona.

Ina ake taron? A falon Yaya, kullum da yamma. Wa ke dafa wa 'yan kwamiti shayi? Anti. Da ta shigo da tire sai kowa ya yi tsit, Yaya ya ɗaga mata hannu.

"Maman Auta, ɗan ba mu wuri. Muna maganar yadda zan samu lokacinki ne."

Ta ajiye tiren ta fita.

Kafin tsakiyar mako abu ya kumbura. Shugaban mawaƙa ya ce dole a kawo mawaƙa gaba ɗaya, don idan hira ta ƙare wa ma'auratan kada shiru ya ba su kunya. Zumuntar mata suka ji labari suka ce ba a isa a karrama 'yar'uwarsu babu su ba. Dattawan ikilisiya suka ce in mata za su je, su me suka yi? Sai ga maganar rumfa, sai ga maganar lasifika, sai ga kujeru.

Na ce, "Yaya, kujerun na su wane ne? Ai ku biyu ne."

"Na shaidu ne."

"Shaidun me?"

"Waɗanda za su shaida cewa mu biyu ne kaɗai. In ba wanda ya gani, gobe ta ce ba a yi ba."

Saje ya ce tunda jama'a za su yi yawa, dole a bambanta mai aiki da ɗan kallo. Aka amince kowane ɗan kwamiti zai maƙala baji a ƙirji, wani ɗan jan ƙyalle mai tattara. Wanda ba shi da baji ba zai shiga ba, ko wane ne shi. Yaya ya buga tebur ya ce an zartar. Da aka zo maganar wanda zai ɗinka, ya ce ai yana da tela a gida. Ya gaya wa Anti na wani taro ne. Haka baiwar Allah ta zauna ta ɗinka su tsaf, ta goge, ta jera masa a kwali.

Ran Asabar da hantsi na same shi a bayan gida. Ya jawo wani tsohon benci mai majingina, wanda ya daɗe a yashe ana ɗora masa gwangwanaye. Shi ne kujerarsu ta farko lokacin da suke ɗaki ɗaya. A nan dai na yaba masa, ya yi tunani. Sai dai fentin da zai shafa wa bencin ɗan kaɗan ne ya rage a gindin gwangwani, shagon kuma ya ce ba shi da lokacin zuwa. Ina kallo ya buɗe wani gwangwani na gam, irin wanda ake manna ledar ƙasa da shi, ya tuttula a cikin fentin ya juya da sanda.

"Yaya, gam ne fa."

"Sirrin sana'a ke nan. Yana ƙara auki, yana ƙara ƙyalli."

"Zai bushe kafin yamma?"

"Ke! Ni za ki koya wa fenti? Ina jin warinsa nake sanin ranar da aka dama shi. Je ki yi aikin da aka ba ki."

Na tafi na yi aikina. Na ja Anti zuwa gidana, na ce labule nake so ta auna mini. Ta auna tagar falo, ta auna ta ɗaki, ta auna ta kicin. Na ce ta sake auna ta falo, ban yarda da awon farko ba. Ta sake. Da na ce ta ƙara, sai ta naɗe tef ɗinta ta jefa a jaka tare da almakashi.

"Tagar nan ba ta ƙara faɗi ba tun ɗazu. Tashi ki raka ni gida in ga abin da Yayanki ya ƙulla."

Tun daga kan kwana muka fara jin ganga. Layin ya cika maƙil. Maƙwabta sun hau katanga, mai sayar da lemo ya kafa teburinsa, wani ma tambaya yake wa ya rasu. A bakin ƙofar gidan kuwa ga Saje a tsaye ƙiƙam, ƙirji a gaba, baji na walƙiya.

Ya dubi ƙirjina ya ga baji. "Wuce."

Anti ta sa ƙafa, ya tare ta da hannu. "Madam, ina bajinki?"

"Wane baji, Saje? Gidana ne."

"Na sani, Madam. Amma umarni ya ce ba baji, ba shiga."

"Ni na ɗinka wanda ke ƙirjinka!"

"Ya yi kyau ƙwarai, Madam, Allah ya ƙara basira. Amma ba ki cikin kwamiti."

Na ce, "Saje, don girman Allah, saboda ita ake taron nan!"

"Ba a rubuta mini haka ba."

Na cire nawa zan ba ta, ya ce in na cire, ni ma na zama 'yar kallo, kuma 'yar kallo ba ta da ikon ba da baji. Kai, ranar na ga abin da ya fi ƙarfina.

Ta saman kafaɗar Saje muna hango tsakar gida. An kafa rumfa, mawaƙa sun jeru da rigunansu, dattawa a gaba, Fasto da matarsa a gefe. A tsakiya ga bencin nan yana ƙyalli, ga tebur da filas na shayi da kofi biyu. Yaya ya sha sabon wando da riga mai dogon hannu. Ashe tun ɗazu ya zauna a kan bencin don a ɗauke shi hoto, ya jingina, ya miƙa hannun dama a kan majinginar, wai yana nuna wa matasa yadda zai zauna da matarsa. Da aka miƙo masa makirfo sai ya ce a zaune zai yi jawabi, don nuna tawali'u. Kuma jawabin Yaya ba ya da birki.

"'Yan'uwa!" lasifika ta ɗauka har bakin titi. "Aure sai da lokaci! Ni nan da kuke gani, duk yawan aikina, matata ba ta taɓa nemana ta rasa ba!"

Shekara da shekaru ina tare da Anti, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Baban Auta! Ga ni nan a waje, ina nemanka na rasa!"

Yaya ya waiwayo ya hango ta a bayan Saje. Ya zabura zai miƙe, sai bencin ya miƙe tare da shi.

Wayyo Allah, cikina! Wando ya kama, bayan riga ya kama, hannun dama na nan a miƙe kamar mai tare mota. Ya tsaya a duƙe, benci a bayansa. Ya juya hagu don ya ga abin da ya riƙe shi, ƙarshen bencin ya share tebur, filas ya yi sama, kofuna suka tarwatse. Ya juya dama don ya ba dattawa haƙuri, ɗaya ƙarshen ya daki babbar ganga, dum! Shugaban mawaƙa ya ɗauka alamar farawa ce, ya ɗaga hannu, mawaƙa suka ɓarke da waƙar murna. Dattawa suka yi ta kansu, wani ya bar takalmi ɗaya.

"Ba komai!" Yaya ke ihu, makirfo na hannun hagunsa har yanzu. "Kowa ya kwantar da hankalinsa! Yana cikin tsari!"

Ya nufo ƙofa da gudu, a duƙe. Shi ya wuce, bencin bai wuce ba. Ya gicciye a ƙofar, garam, Yaya ya tsaya cak, ƙafafu na ta tafiya a wuri ɗaya. Maƙwabtan da ke kan katanga har da masu tafi.

"Saje! Ka bar ta ta shigo!"

"Ba ta da baji, Yallaɓai."

"Ni na ba da umarnin! Na janye!"

"Kwamiti ne ya bayar, Yallaɓai. Sai kwamiti ya janye."

Fasto ya taso zai yi magana, amma dariya ta hana shi, ya cusa hankici a baki yana ta girgiza. Matarsa ce ta yi maganin abin. Ita uwar kwamiti aka naɗa ta, don haka tana da iko. Ta zare bajinta, ta miƙo ta saman kan Yaya, ta maƙala wa Anti. Nan take Saje ya ƙame ya sara.

"Shiga, Madam."

"Ta ina?" in ji Anti. "Mijina ya toshe ƙofar."

Aka taru aka tura Yaya baya da baya har tsakiyar gida, aka dire bencin da shi a kai. Sai shawarwari suka fara zuba. Wani ya ce a kawo kananzir. Wata ta ce ruwan zafi. Shugaban mawaƙa ya ce ya zare wandon kawai ya fita. Yaya ya dubi layin zumuntar mata ya ce gara a binne shi da bencin.

"Ina ganin," in ji shi, gumi na zuba, "a kafa ɗan ƙaramin kwamiti..."

Anti ta buɗe jaka ta zaro almakashi. Kowa ya yi ajiyar zuciya.

"Ni zan fitar da shi," ta ce. "Amma aikin ba na gaban jama'a ba ne. Na gode muku ƙwarai, Ubangiji ya saka. Kowa ya ɗauki kujerarsa."

Cikin ɗan lokaci gida ya zama wayam. Ta dubi Saje, ta nuna bajinta. "Sabon umarni. Mai baji da mara baji, kada kowa ya shigo." Saje ya sara, da ganin fuskarsa ya samu kwamandan da yake so. Ni kuma ta ce in dafa shayi kafin in tafi.

Da na fito da kofi biyu, na tarar tana tsaye tana kallon bencin. Ta shafa ƙafarsa inda aka taɓa ɗaure ta da waya, ta gane shi. Ta sa hannu a aljihun Yaya ta zaro wayarsa da ke ta ruri, ta haɗa da almakashin ta miƙo mini.

"Ki dawo da su in rana ta faɗi."

"Maman Auta," in ji Yaya, "almakashin fa?"

Ta gyara zanenta ta zauna a gefensa, daidai ƙarƙashin hannun nan da ya manne a miƙe.

"Akwai gam! Bai bushe ba!"

"Na sani."

Na ajiye musu shayin a kan kujerar ɗinki, na yi kamar ina tattara fasassun kofuna. Yaya ya yi gyaran murya. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Mutumin da ke jawabi har lasifika ta yi zafi, ga shi da mace ɗaya ya rasa ta inda zai fara.

"To," ya ce. "Mu fara da bayanin zaman da ya gabata."

"Zaman da ya gabata ina da cikin Auta," in ji Anti a hankali. "A kan bencin nan ne. Ka ce in riƙe maka kofinka, za ka leƙa taro ka dawo."

Yaya ya sunkuyar da kai. Allah ya sani, ni ma sai da idona ya yi zafi.

Can ya ce, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba, "Ki yafe mini. Ya huce ko?"

"Na yau da zafinsa." Ta ɗauki kofin ta hura, ta kai masa baki, tunda hannun daman ba nasa ba ne yanzu.

Daga nan na ja ƙofa na fita. Sauran ba rabona ba ne.

Da rana ta faɗi na dawo da almakashi. Saje ya tare ni, ya ce sabon umarni bai ware kowa ba. Ina cikin yi masa bayani sai na jiyo dariyar Anti daga ciki, irin wadda na manta tana da ita. Na ɗaga murya na ce na kawo almakashi.

"Ki ɗan ƙara zagayawa!" Yaya ne ya amsa. "Ba mu gama ba!"

Ran Lahadi coci ya cika har waje, har da waɗanda rabonsu da sujada an manta. Yaya ya zo da wani wandon, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa dama haka ya tsara, gam ɗin ma da gangan ya zuba. Amma a gefen matarsa ya zauna, ba a kujerar gaba ba. Da aka zo sanarwa, Anti ta miƙe.

"'Yan'uwa, ina da cigiya."

Yaya ya nutse a kujera har sai tumbinsa kaɗai ake gani.

"Mijin dai an same shi, mun gode wa Ubangiji," ta ce. "Abin da nake cigiya shi ne gwangwanin fentin nan. Akwai saura a ciki, kuma jiya cikin hayaniya wata ta ɗauke. Don Allah a dawo mini da kayana, ban gama da shi ba."

Matan zumunta duk suka sunkuyar da kai, matar Fasto kuwa ta ɗaga ido tana kallon fanka kamar yau ta fara ganin ta. Fasto ya ce a tashi a yi waƙa. Da aka gama ya juya zai zauna, sai ya tsaya, ya sa tafin hannu ya taɓa kujerarsa tukuna.